Wata Huɗu a Kan Teku: Tarihin Jiragen Alfarma Masu Kewaya Duniya

Ranar 21 ga Nuwamba, 1922, jirgin ruwa mai suna Laconia, na kamfanin Cunard da ke Ingila, ya ɗaga anga daga Niyu Yok da fasinja kimanin 450. Kamfanin American Express ne ya ɗauki shatarsa sukutum, ya sayar wa masu hali tikitin wata irin tafiya da ba a saba ji ba. Za su nufi yamma, su yi ta tafiya har su ɓullo gida ta gabas, ba tare da sun sauya jirgi ko gado ba. Suka bi ta Habana, suka ratsa mashigin Fanama, suka taɓa San Francisco da Hawaii, sannan Jafan, Sin, Manila, Singafo, Indiya, mashigin Suwez da Italiya. Kwana 130 suka yi, suka tsaya a tasha 22, suka koma Niyu Yok a ƙarshen Maris na 1923. Wannan ita ce tafiyar da ake ƙirgawa ta farko da jirgin fasinja ya kewaye duniya don shaƙatawa kawai.

Shekara 400 kafin nan, a Satumbar 1522, wani ɗan jirgin katako mai suna Victoria ya lallaɓo ya shiga Sifen da mutum 18. Su ne suka ƙarasa daga cikin kusan 270 da suka tashi a jirage biyar ƙarƙashin kyaftin Magellan shekara uku baya. A hanya yunwa ta sa sun ci ɓeraye da fatar da aka naɗe itacen jirgi da ita, Magellan kansa kuma a tsibiran Filifin aka kashe shi. Kewayar duniyar da ta cinye waɗannan mutane ita ce fasinjojin Laconia suka yi, ana kawo musu shayi har gado.

Asarar 'yan kasuwa ce ta haifi wannan al'ada. Manyan jiragen fasinja na wancan zamani don hanya ɗaya aka ƙera su, wato tsakanin Turai da Amurka ta arewacin Tekun Atlantika. Da bazarar Turawa kasuwa na ci, ɗakuna na cika. Da zarar hunturu ya shigo sai teku ta haukace, sanyi da hazo da igiyar ruwa su kori duk wanda ke da zaɓi, jirgi ya riƙa zirga-zirga rabinsa wayam, ga albashi ga kuɗin kwal. Albert Ballin na kamfanin Hamburg-Amerika a Jamus shi ya fara gano mafita. A Janairun 1891 ya tura jirginsa Augusta Victoria zuwa Bahar Rum da fasinja 241, suka yi kusan wata biyu suna shan rana a tashoshin Italiya da Masar da Turkiyya. Riba ta fito, har a 1900 kamfanin ya ƙera Prinzessin Victoria Luise, jirgi na farko da aka yi musamman don yawon shaƙatawa. A 1909 wani dillalin tafiye-tafiye Ba'amurke, Frank Clark, ya ɗauki shatar jirgin Cleveland daga Niyu Yok ta Suwez har San Francisco, amma daga nan a jirgin ƙasa fasinja suka koma gida, don sai a 1914 aka buɗe mashigin Fanama.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abubuwa biyu suka ƙara tura kamfanoni. A 1921, sannan a 1924, Amurka ta yi dokokin da suka taƙaita shigar baƙi, kuma talakawan Turai 'yan ci-rani da ake cusawa a ɗakunan ƙasa su ne dama ƙashin bayan cinikin. Laconia na iya ɗaukar mutum sama da 2,000, akasarinsu a aji na uku, ga shi babu su. Na biyu, tun 1920 aka haramta sayar da giya a Amurka, dokar da ba ta bin jirgin Ingila cikin teku. Attajiran Amurka na da kuɗi, suna da lokaci, suna kuma neman inda za su guje wa sanyi. Kuɗin ɗaki mafi arha a irin wannan tafiya ya ninka farashin sabuwar motar Ford sau da yawa, amma aka sami masu biya.

To, me mutum zai yi da kwana 130?

Wannan ita ce babbar matsalar da kamfani ya san dole ya warware, domin tsakanin wata tasha da wata akan yi mako ko fiye ba a ga komai ba sai ruwa. Maganin da aka samo shi ne a yanka wuni ƙanana-ƙanana, kowane yanki da abin da ake jira a ƙarshensa. Da sassafe boyin ɗaki zai ƙwanƙwasa da tiren shayi, ya kuma turo jaridar jirgi, wadda ake bugawa cikin dare da labaran da aka kamo ta wayar iska. Bayan karin kumallo masu son motsa jiki su yi ta kewaya barandar jirgi, akwai allo a manne da ke faɗin zagaye nawa ke cika mil guda. Sauran su miƙe a doguwar kujerar katako mai ɗauke da sunan mai ita a ɗan kati. Ƙarfe 11 sai ga ma'aikata da kofunan romo mai zafi, idan an shiga ƙasashen zafi a mayar da shi abin sanyi. Da tsakar rana jirgi zai yi ƙugi, a kafe takardar da ke nuna mil nawa aka ci tun jiya war haka. Mutane sukan yi cincirindo a wurin, don tun daren jiya an yi gwanjon lambobi a ɗakin shan taba, an zuba kuɗi a kan wannan adadi. Ƙarfe 4 shayi da kek. Tsakanin waɗannan akwai wasan tura faifan katako a kan zanen ƙasa, da jifan zoben igiya, da karta, da laccar wani malami da aka ɗauko don ya bayyana ƙasar da za a sauka gobe.

Cin abincin dare shi ne babban sha'ani. Ana busa ƙaho ko a kaɗa ƙarfe tun da sauran lokaci don kowa ya je ya shirya, maza cikin baƙar kwat da farar riga mai sitaci, mata cikin dogayen riguna da sarƙoƙi. A daren farko da ranar da jirgi ke tasha ne kawai ake sassautawa. Macen da ba ta son a ga ta maimaita riga sai ta taho da akwatuna masu tsayin mutum, waɗanda ake buɗewa a tsaye, wasu a ɗaki, wasu a rumbun kaya inda ake zuwa ɗauka a ranakun da aka ware. Wasu ma da barorinsu suke tahowa. Kowa da teburinsa, kuma mutanen da aka haɗa shi da su a daren farko su ne zai gani safe da yamma har wata huɗu, sai fa in ya lallaɓa wurin shugaban masu sabis ya nemi sauyi. Wanda aka gayyata teburin kyaftin ya sami abin faɗa, wanda aka tsallake kuma yakan riƙe abin a rai har Bombay.

Zaman ya fi kama da na gidan yawa wanda ba shi da ƙofar fita. Mako biyun farko kowa na fara'a. Kafin a ƙetare Tekun Fasifik an san wa ke da kuɗin gaske, wa ke ƙarya, wa ke neman wa 'yarsa miji, wa ba ya ga-maciji da wa saboda kujera ko karta. An ƙulla aure a irin waɗannan tafiye-tafiye, an kuma ƙulla gaba. Da yake yawancin masu iya barin gida tsawon haka tsofaffi ne, mutuwa ma takan biyo jirgi. A da, akan naɗe gawa cikin tamfol a sa mata nauyi, a rage gudu da asuba kafin fasinja su tashi, kyaftin ya karanta addu'a, a sake ta cikin ruwa. Jiragen yanzu suna da ɗakin ajiye gawa kusa da asibitinsu.

Ranar da aka ƙetare layin da ya raba duniya kudu da arewa, ranar wasa ce ta tsohuwar al'adar matuƙa. Wani ma'aikaci zai fito da gemun igiya da kambin kwali a matsayin Neptune, sarkin teku a tatsuniyar Rumawa, a gurfanar da duk wanda bai taɓa ƙetarawa ba. A shafa masa kwaɓin fulawa a fuska, a yi masa aski da ƙatuwar askar katako, a tunkuɗa shi cikin tafkin tamfol, daga baya a ba shi takardar shaida. Akwai kuma rikicin agogo. Jirgin da ya nufi yamma kusan kullum dare sai an mayar da agogo baya, har a kai tsakiyar Fasifik inda ake tsallake rana guda cur, a kwanta Litinin a tashi Laraba. Mutanen Victoria sun gamu da wannan ba tare da sun san dalili ba: da suka iso tsibiran Kef Bade lissafinsu na cewa Laraba, mutanen gari na cewa Alhamis.

Alfarmar tana da iyaka, kuma zafi ne ke nuna ta. Jiragen 1920 zuwa 1930 don sanyin Atlantika aka gina su, ba su da na'urar sanyaya ɗaki, sai fanka da wani mazurarin ƙarfe da ake saƙalawa a zagayayyar taga don ya kamo iska. A Tekun Indiya da Bahar Maliya ɗakin ƙarfe yakan gagari barci, sai a fito da katifu baranda, maza gefe guda, mata gefe guda. Ruwan daɗi ma a ƙididdige yake. Yawancin ɗakuna ba su da banɗakin kansu, fasinja zai sa sunansa wurin mai kula da wanka a ba shi lokaci, a cika masa baho da ruwan teku mai ɗumi, a ba shi sabulu na musamman mai kumfa a ruwan gishiri, da ɗan kwanon ruwan daɗi na ɗauraya. A waɗannan shekarun, a wannan Bahar Maliya ɗin, alhazan Afirka ta Yamma da suka yi watanni ko shekaru a ƙafa suna ƙetarawa daga Suwakin zuwa Jidda a ƙananan jiragen katako.

Sauka a tasha kan zo da nata tsarin. A Indiya akan tanadi jirgin ƙasa na musamman da zai kwashi fasinja zuwa Delhi da Agra don ganin Taj Mahal, da Banaras a bakin kogin Ganga, yayin da jirgin ruwan ke kewayawa ya jira su a wata tasha. A Masar sukan sauka a Suwez su wuce Alƙahira, su hau raƙumi a gindin dala, su tarar da jirgi a Iskandariyya. Fasinjojin Laconia sun iso Masar lokacin da duniya ke ta zancen kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a Nuwambar da suka bar gida. Sai dai a faɗi gaskiya, ganin duniya na irin wannan tafiya bai da zurfi. Yawancin tashoshin a ƙarƙashin mulkin mallaka suke, baƙon kuma daga jirgi sai mota, daga mota sai otal ɗin Turawa, ya ci irin abincin da ya saba, ya koma. Mutanen ƙasar da yake haɗuwa da su ba su wuce mai jan keken ɗaukar mutum, da ɗan dako, da mai sayar da tsaraba ba. Yakan dawo da siliki da hauren giwa da hotuna, amma da wuya ya dawo da sanin abin da ke ran waɗanda ya ɗauka hoton.

Akwai waɗanda suka fi haka amfana. A 1926 jirgin Ryndam na Holan ya tashi da ɗalibai kusan 500 da malamansu, suka yi fiye da wata bakwai ana karatu a teku ana sauka ana gani da ido. A 1935 mawaƙi Cole Porter da marubuci Moss Hart suka shiga Franconia, ƙanwar Laconia, da niyyar aiki, suka dawo da wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Jubilee.

Jirgin da ya fi kowanne ƙasaita a wancan zamani shi ne Empress of Britain na kamfanin Canadian Pacific, fari fat, mai nauyin tan sama da 42,000, wanda ya fara aiki a 1931. Da bazara yana jigila tsakanin Southampton da Quebec. Da hunturu kogin St Lawrence kan daskare, sai ya juya kewaya duniya. Tun wurin ƙira aka yi masa wannan tanadi: yana da farfela huɗu, amma in zai fita yawo sai a cire biyu don rage shan mai, tunda ba sauri ake yi ba, a kuma rage fasinja daga kusan 1,200 zuwa kimanin 700. Yana da cikakken filin tanis da tafkin ninƙaya a ciki. A cikinsa ne marubuci George Bernard Shaw ya isa Shanghai a Fabrairun 1933, ya ci abinci a gidan Soong Ching-ling, matar marigayi Sun Yat-sen, tare da babban marubucin Sin Lu Xun.

Duk wannan jin daɗi a kan wuyan wasu yake, kuma su tarihi bai cika tsayawa kansu ba. Boyin ɗaki a jirgin Cunard, wanda galibi ɗan Liverpool ne ko Southampton, yana tashi tun kafin gari ya waye ya goge ƙasa da tagulla, ya kai shayi, ya gyara gadaje, ya goge takalman da aka ajiye a bakin ƙofa, kuma ba zai kwanta ba sai fasinjansa na ƙarshe ya bar wurin rawa. Masu sabis a tsaye suke cin abinci a lungun kicin bayan an sallami tebur. Makwancinsu can ƙasa ne kusa da inji, gadaje bisa gadaje, mutum da yawa a ɗaki ɗaya, inda zafin Bahar Maliya ya fi tsanani. Yara masu shekara 14 ko 15 ke aikin aike da buɗe ƙofa, kowace safiya a jera su a duba farcensu da maɓallan rigarsu. Albashi kaɗan ne, tukuicin ƙarshen tafiya shi ne abin dogaro, don haka dole a jure wa fasinja mai fitina wata huɗu da murmushi. Kwantiragin na tafiya ɗaya ne, in an dawo an biya ka shi ke nan sai an sake kira. A jiragen kamfanin P&O masu zuwa gabas kuwa, Indiyawa ne ke aikin inji da bene, mutanen Goa ke sabis, ana biyansu ƙasa da abin da Bature ke samu a aiki iri ɗaya. A ɗakin wanki da guga ba a hutawa, domin farar rigar sitaci ta daren jiya dole ta dawo fes kafin a sake busa ƙaho.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da komai, aka shafe jiragen da fenti ruwan toka aka mayar da su na jigilar soja. A Oktoban 1940 jirgin saman Jamus ya jefa wa Empress of Britain bam a yammacin Ireland, bayan kwana biyu jirgin ƙarƙashin ruwa ya ƙarasa shi. Na Laconia ya fi muni. Ranar 12 ga Satumba, 1942, yana tafe daga Kef Tawun da mutum kusan 2,700, cikinsu fursunonin yaƙi 'yan Italiya kimanin 1,800, jirgin ƙarƙashin ruwa U-156 ya harbe shi a tekun da ke yamma da Afirka, kusa da tsibirin Ascension. Da kwamandan Jamusawan, Werner Hartenstein, ya gane waɗanda ke cikin ruwa, sai ya shiga ceto, ya yi shela ta rediyo da Ingilishi yana neman taimako. Bayan kwana huɗu jirgin saman Amurka ya kai masa hari yana janye da kwale-kwalen waɗanda suka tsira. Sama da mutum 1,600 suka halaka, kuma daga nan Admiral Dönitz na Jamus ya hana jiragensa sake ceton kowa.

Bayan yaƙi Cunard ya fito da Caronia a 1949, an shafe shi da kore kala-kala, ya fara kewaya duniya a 1951. A tafiyar shaƙatawa yawan ma'aikatansa kan yi kunnen doki da yawan fasinja. Mutane ɗaya ne ke dawowa shekara bayan shekara, su nemi ɗakinsu na bara da boyinsu na bara, wasu har da kujeru da hotunan gidansu. Wata attajira Ba'amurkiya ta mai da shi gida, ta zauna a ciki fiye da shekara goma. Amma a Oktoban 1958 jirgin sama ƙirar Boeing 707 ya fara jigila tsakanin Niyu Yok da Faris, tafiyar kwana biyar ta koma ta 'yan awoyi, kasuwar Atlantika ta ruguje. Abin da a da ake yi don cike giɓin hunturu sai ya zama shi ne sana'ar. Ba kowane jirgi ya iya juyawa ba. Jirgin France, abin alfaharin Faransawa, ya kewaya duniya a 1972, amma girmansa ya hana shi shiga Fanama, sai da ya zagaya ta ƙasan Amurka ta Kudu. Da farashin mai ya tashi gwamnati ta janye tallafi a 1974, ma'aikatansa suka yi yajin aiki suka tsayar da shi a mashigar tashar Le Havre, duk da haka aka ajiye shi.

Queen Elizabeth 2, wanda ya fara aiki a 1969, da tanadin wannan sabuwar sana'a aka ƙera shi. An auna faɗinsa, mita 32, don ya shige ƙofofin Fanama masu mita 33 da rabi. Kewayarsa ta farko a 1975 ta bi ta Afirka ta Kudu, saboda Suwez na rufe tun yaƙin 1967. Ya kai sojoji yaƙin Falkland a 1982, ya dawo bakin aikinsa, ya kewaya duniya sau 25 kafin ya yi ritaya a 2008. Yanzu otal ne a Dubai. A zamaninsa ne aka saba ɗaukar dattawan maza masu iya rawa, a ba su ɗaki da abinci, aikinsu kawai su yi rawa da matan da suka zo su kaɗai, waɗanda yawancinsu mazajensu sun rasu.

Har yau duk Janairu jirage na tashi daga Southampton da Florida, ciki har da Queen Mary 2, kuma har yau ana shan shayin ƙarfe 4 ana wasan Neptune. Abin da ya sauya shi ne fuskokin ma'aikata, yanzu akasarinsu daga Filifin, Indonesiya da Indiya suke, a kan kwantiragin wata shida zuwa tara, babu ranar hutu guda a mako. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta a ba su hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako. Da annobar korona ta ɓarke a 2020 aka katse tafiye-tafiye, Queen Mary 2 ya sauke yawancin fasinjansa a Fremantle ta Ostireliya a watan Maris aka mayar da su gida ta sama, amma dubban ma'aikatan jirage daban-daban sun yi watanni a teku saboda tashoshi sun ƙi barinsu su sauka. Kasuwar ta farfaɗo bayan nan, har a Disambar 2023 kamfanin Royal Caribbean ya fitar da Serenade of the Seas daga Miami a tafiyar kwana 274 zuwa ƙasashe sama da 60, wadda fasinjojinta suka riƙa watsa labarinta kullum a TikTok.